DARASI: Kafin ka zuba bulo, fara nemo wanda zai saya



Tambaya ce ta jawo darasin yau. Wani ɗan uwa matashi daga ƙasar Makoɗa ya turo saƙo, ya ce an raba musu gado, gona ɗaya ta faɗo a kasonsa. Niyyarsa ya sayar da ita ya gina ɗakin kaji dubu, ya haɗa da tafkin kifi biyu na siminti. Abin da yake so a lissafa masa shi ne bulo nawa, kwano bandir nawa, abinci buhu nawa.

Lissafin bulo ba wuya, kowane magini zai yi maka shi a tsaye. Amma ɗan uwa, duk tsawon saƙonka ban ga inda ka ambaci mutumin da zai sayi kajin nan ba. Ko mutum ɗaya. Kuma gona ake maganar sayarwa, a yankin da kowa ya san yadda ƙasa take. Daga Koguna zuwa Maitsidau, daga Wailare zuwa Satame, gona na jikin gona, ba a barin fili ya huta, kowace damina sai an shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, taki ne ke riƙe da ƙasar. A irin wannan wuri gonar da ta fita daga hannu da wuya ta dawo. Kaji kuwa in ciwo ya shigo, sati ɗaya ya ishe su. Shi ya sa na ga amsar ta fi ƙarfin layi biyu, gara a mayar da ita darasi kowa ya amfana.

INDA TSARIN YA SAMO ASALI

Akwai wata hanyar fara sana'a da Turawa ke kira Lean. Asalin kalmar nama ne marar kitse, tsoka zalla. Wato a yi sana'a a zubar da duk wani kitse da ke cin kuɗi amma ba ya ƙara wa mai saye komai. Ba a gona aka faro ta ba, a masana'antar mota ne. A 1950 kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya kusa durƙushewa, kuɗi suka yanke, aka sallami ma'aikata, har shugabansa Kiichiro Toyoda ya sauka. Ba su da ƙarfin yin irin na Amurka, inda ake ƙera motoci jibgi a tara ana jiran mai saye. Wani injiniyansu mai suna Taiichi Ohno ya ɗauki darasi daga manyan kantunan Amurka, inda ba a ƙara kaya a kan kanta sai gwargwadon abin da masu saye suka ɗauke. Ya ga haka ya kamata a yi mota, mai saye ya jawo aiki, ba masana'anta ta turo masa ba. Ya kasa ɓarna gida bakwai, kuma a wurinsa uwarsu duka ita ce yin kaya fiye da abin da ake nema.

A 2011 wani Ba'amurke, Eric Ries, ya fitar da littafi mai suna The Lean Startup, ya ɗauko wannan tunani ya ɗora shi a kan masu fara sabuwar sana'a. Shi kansa ya sha ɗacin abin. Wata shida shi da abokansa suna gina wata manhaja, ranar da suka sake ta kusan ba wanda ya waiwaye ta. Abin da ya koya daga nan shi ne, duk tsarin da ke kan takarda hasashe ne kawai har sai kasuwa ta gaskata shi. Don haka ka yi abu mafi ƙanƙanta da za ka iya kai wa mai saye, ka auna abin da ya faru, ka gyara, ka sake komawa.

Kada sunayen nan su ruɗe ka. Manomin Makoɗa ya daɗe yana yin haka. In an kawo sabon irin wake ba ya shuke gona da shi, kunya biyu zai ba shi a gefe ya ga kamun ludayinsa. Mai ƙosai da ta koma sabuwar unguwa ba ta jiƙa kwano biyar ranar farko. Abin mamaki, mutumin da ba zai ba sabon iri gona guda ba, shi ne zai zuba wa kaji dubu kuɗin gonar kacokan, don ya ga hoton wani a Facebook tsaye a tsakiyar kaji yana murmushi.

KAYANMU YANA CI

Ga inda tamu sana'ar ta fi ta Toyota tsanani. Motar da ba a saya ba tana zaune ne kawai. Kazar da ba a saya ba kullum sai ta ci.

Mu yi lissafi da buhu, ba da naira ba, don farashi yau daban gobe daban. Buroila ɗaya tana cin kimanin kilo 4 da rabi zuwa 5 na abinci kafin ta kai sati shida zuwa bakwai. Kaji 50 kenan buhu 9 zuwa 10 na mai kilo 25. Kaji 500, buhu 90 zuwa 100. Dubu kuwa ka ninka. To ba nan gizo ke saƙa ba. Daga sati na bakwai kowace kaza tana cin abin da ya kai giram 180 ko fiye a rana. Mai kaji 50 in mai saye ya makara, buhu ɗaya zai kai shi kusan kwana uku. Mai 500 yana ƙona fiye da buhu uku da rabi kowace rana. Mai dubu, fiye da bakwai. Kwana goma na jira sun isa su haɗiye ribar da ya lissafa, ga girman ya fara ja baya, ga zafi na kashe manya-manyan. Dillali ya san wannan lissafi fiye da kai. Shi ya sa zai leƙo, ya taya arha, ya ce zai dawo jibi. Ba shi ke sayen abincin jibin ba.

Masu ƙwai kuma jiran ya fi tsawo. Kaza ba ta fara ƙwai sai ta kai sati 18 zuwa 20, kuma kafin nan ta ci kusan kilo 7. Kaji 500, buhu 140 kenan ba ka ga ƙwai ko ɗaya ba. Tarwaɗa dubu da ake so kowace ta kai kilo ɗaya za su ci fiye da tan ɗaya na abinci, wato buhu 70 ko sama na mai kilo 15, cikin wata biyar zuwa shida.

Ka ga kenan tambayar da ta fi haɗari ba ita ce "zan iya kiwata su?" ba. Wannan ana koyo. Tambayar ita ce: ranar da suka isa, wa zai ɗauka, nawa zai ɗauka, a kan nawa, kuma yaushe zai biya?

Wani zai ce ai Makoɗa akwai jama'a, ƙidayar 2006 ma ta ba ta mutum sama da dubu 220. Gaskiya ne. Sai dai yawan jama'a ba shi ne yawan kwastoma ba. Gida nawa ne a garinku ake sayen kaza sukutum a yanka ba Sallah ba, ba suna ba, ba baƙo ba? Kuma in za su saya, buroila suke so ko kazar Hausa da zabo? Ni ban isa in amsa maka daga nan ba, kai ma ba ka isa ka amsa daga kan tabarmarka ba.

ZUWA DA KAI

Gwajin farko ba ya cin ko sisi sai kuɗin mota. Ranar Lahadi kasuwar Ɗambatta ke ci. Ka je da sassafe, kada ka tsaya kallon shanu, ka wuce wurin 'yan kaji ka zauna. Ka kirga da idonka: wane iri ke fita da wuri, wane girma, su wa ke saye, mai gida ne ko ɗan sari mai kaiwa Kano, da azahar farashin ya hau ko ya sauka. Ka yi haka Lahadi uku, ba ɗaya ba. Sannan ka bi masu shayi, masu gasa kaji, masu tsire, masu abinci na bakin hanyar Kano zuwa Daura, ka shiga Kazaure in da hali.

Yadda za ka yi tambaya shi ne rabin aikin. Kada ka ce "in na kawo kaji za ka saya?" Bahaushe mai kara ne, zai ce maka me zai hana, Allah ya kawo. Wannan ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Ka tambaye shi abin da ya riga ya faru: satin jiya kaji nawa ka yanka? A ina ka saro? Nawa aka ba ka? Me ya fi ɓata maka rai da wanda ke kawo maka? Mai shayi zai iya ce maka kiret biyu yake fasawa kullum, amma mai kawo masa yakan ɓace kwana uku, ko ya haɗa masa da ƙanana. To ka samu ƙofa. Wani kuma zai ce shi da damina ƙwan zabi ya wadace shi, ko kuma ba ya biya sai kaya sun ƙare. Wannan ma ilimi ne, gara ka ji shi yanzu.

"Eh" ɗin da za ka rubuta a littafi ita ce wadda aka haɗa da wani abu: kafin alƙalami, ko ranar da aka tsayar, ko adadin da aka yanke. Mutum biyar masu kafin alƙalami sun fi mutum hamsin masu fatan alheri.

SAYAR DA ƘWAI BA KAZA

Gwaji na biyu shi na fi so. A 1999 wani mai suna Nick Swinmurn a Amurka ya yi tunanin sayar da takalma ta intanet. Bai sayi takalmi ko ƙafa ɗaya ba. Ya shiga shagunan unguwarsu ya ɗauki hotuna ya ɗora, duk wanda ya yi oda sai ya koma shagon ya saya ya aika masa. Riba ba ta taka kara ta karya ba, amma ya gano abin da yake son ganowa, cewa mutane za su saya. Kamfanin shi ne Zappos, wanda Amazon ya saye a 2009 a kan sama da dala biliyan ɗaya. A daidai wannan zamani wani kamfanin, Webvan, ya fara da gina manya-manyan rumbunan ajiya kafin ya tabbatar da masu saye, ya narkar da ɗaruruwan miliyoyin daloli, ya rushe a 2001. Ɗan uwa na Makoɗa, ɗakin kaji dubu da kake son ginawa, na biyun ne.

To mayar da shi gida. Kana son kiwon masu ƙwai? Kafin ka sayi tsako, ka je gidan gonar da ke da su ka saro kiret biyar, ka ɗaura a babur, ka raba wa masu shayi da masu kanti. Ka yi wata biyu kana wannan. Za ka san kiret nawa yankinku ke sha a sati, nawa ke fashewa a hanya, wa ke biya, wa ke ja maka rai. In kiret 10 kake iya sayarwa a sati, ƙwai 300 kenan, kimanin 43 a rana, kaji 55 zuwa 60 sun ishe ka. Me za ka yi da 500? In kuwa kiret 10 ba sa kai maka kwana biyu, to ka gina, ranar da kajinka suka fara ƙwai kwastomomi na hannunka.

Kifi ma haka. Ka sayo ɗanyen tarwaɗa kilo 10 a wurin mai tafki, ka banda, ka auna. Za ka ga ya koma kimanin kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na nauyinsa, ya danganta da yadda ka busar. Mutane da yawa sai bayan sun kiwata dubu suke gano wannan. Ka kasa shi ka ga ko mutanenku za su biya kuɗin da zai fitar da kai. Kada ka manta kana da kishiya a kusa: kifin madatsar ruwa ta Thomas, wanda masunta ke kamawa ba tare da sun sayi abinci ko buhu ɗaya ba, kuma bakin jama'a ya saba da shi. Manyan masu sayen ɗanyen tarwaɗa a birni suke, irin kasuwar kifi ta Galadima a Kano, kuma ba kowane ɗan sari zai tado mota don kifi 200 ba. Sai ka san tun yanzu, kai za ka kai, ko banda za ka yi.

Mai son kifi yana da gwaji na daban da ba a tsallakewa: ruwa. Ka kafa tafkin tampol ɗaya, ka cika, ka zubar, ka sake cikawa, ba kifi a ciki. Awa nawa ya ɗauka? Man nawa injin ya sha? Rijiyar tana jurewa a watan Afrilu, ko da damina kaɗai take cika baki? Tarwaɗa a tampol sai da canjin ruwa a kai a kai. Wanda ruwansa ke yankewa da bazara, siminti ba zai cece shi ba.

KATAN ƊAYA DA LITTAFI

In kasuwa ta amsa, sai ka shigo da katan ɗaya, 'yan tsaki 50. Ko kifi 200, kuma ka ɗauki waɗanda suka ɗan tasa, ba 'yan mitsi-mitsi ba, sun fi jure hannun ɗan koyo. Ɗaki kuwa wanda kake da shi, ko rumfa ta kara da waya, matuƙar iska na shiga, ruwa ba ya zuba, ɓera da muzuru ba sa samun hanya.

Wannan zagaye na farko ba na riba ba ne, na karatu ne. In an samu riba, madalla. Amma abin da kake saye da kuɗinka shi ne lambobi, don haka littafi da biro da sikeli dole ne. Kullum ka rubuta abincin da aka zuba, wanda ya mutu, maganin da aka ba. Kowane sati ka ɗauki kaji goma ba tare da zaɓe ba ka auna. Na ce ba tare da zaɓe ba, don hannu yakan tafi kan ƙatuwar.

A ƙarshe lamba biyu za ka fitar. Ta farko, abinci kilo nawa ya ba ka kilo ɗaya na kaza. Misali sun ci kilo 225, guda 46 suka rayu, kowace kilo 2.4, jimla kilo 110. Ka raba 225 da 110, ka samu 2 da ɗan ɗoriya. Wannan ba laifi ga mai farawa. In ka ga 2.5 ko sama, akwai inda abinci ke zurarewa: ko mazubi na zubarwa, ko ɓeraye, ko abincin ba shi da kyau, ko zafi, ko ciwo a ɓoye. Ta biyu, nawa kaza ɗaya ta tsaya maka. Ka tara komai, tsaki, abinci, rigakafi, gawayi, ɓuntu, kuɗin mota, har ladan yaron da ke ɗebo ruwa, ka raba da 46 da ka sayar, ba 50 da ka saya ba. Waɗanda aka yanka wa baƙi da wadda aka kai gidan surukai, a rubuta su ma. Ba a hana alheri ba, amma a san daga ina ya fita.

Kashin kajin kuma kada ka bar shi a waje da lissafi. A ƙasar da taki ke da daraja irin wannan, da masu noman damina da masu noman rani na bakin dam duk suna nemansa. Ka zuba a buhu, ka kirga.

Akwai lambobin da ke faranta rai ba sa cika aljihu: yawan kajin da ke ɗaki, yawan masu danna hoto, yawan masu cewa a ajiye musu biyu. Lambar gaskiya ita ce mutum nawa suka saya, suka biya, suka dawo.

Sannan a kula da yaudarar Sallah. Wanda ya saka kaji sati biyu zuwa uku kafin azumi, suka isa daidai Ƙaramar Sallah, zai iya sayar da 50 cikin kwana biyu ya ɗauka ya gama gano kasuwa. A'a, kasuwar Sallah ya gano. Ya sake gwadawa a watan da ba biki, ya kuma gwada bayan Babbar Sallah lokacin da nama ya cika gidaje. Yanayi ma haka. Hunturu na kashe 'yan tsaki kuma yana rage wa kifi ci, zafin Maris zuwa Mayu na kashe manyan buroila. Zagaye uku a lokuta daban-daban, sannan ka ce ka fara sani.

IN KASUWA TA CE A'A

To sai me? Ka yi asarar buhu goma, gonarka na nan. Sai ka karanta littafinka ka juya akala. Ƙila mutanenku sun ce naman buroila ya cika laushi, sun fi son mai ɗan tauri. Sai ka gwada Noiler, wadda ke ɗaukar wata uku zuwa huɗu amma ta fi juriya kuma tana iya haɗawa da kiwon tsakar gida. Ƙila kuɗin kaza guda ya fi ƙarfin aljihu, amma cinya ko ƙirji ba su fi ba. 'Yar uwa da ke cikin gida, wannan taki ce: ki yanka biyu, ki soya, ki sayar gunduwa-gunduwa, ki lissafa ki ga ko kuɗin ya fi na sayar da ita da rai. Ƙila kuma ka gano abin da maƙwabta ke tsoro shi ne renon sati ukun farko. Sai kai ka ƙware a reno, ka sayar musu da 'yan sati uku da aka yi wa rigakafi, jarinka na juyawa da sauri.

Sharaɗi ɗaya: ka canja abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mai bandar kifi da ya canja girma, ya ƙara yaji, ya sa leda, ya ɗaga farashi duk rana ɗaya, in ciniki ya tsaya ba zai san wanne ne ya kore mutane ba. Wannan satin girma, wani satin yaji. In har abin ya kai ga shiga kantunan birni da leda mai suna, sai an nemi rajistar NAFDAC, amma wannan maganar gaba ce.

Akwai wata dabara ta Ohno da ke da amfani a akurki: in matsala ta faru, ka tambayi dalili sau biyar kafin ka sayi magani. 'Yan tsaki takwas sun mutu da asuba. Me ya sa? Sun danne juna a lungu. Me ya sa? Sanyi. Me ya sa? Gawayin kasko ya mutu cikin dare. Me ya sa? Ba wanda ya tashi ya ƙara. Me ya sa? Kowa ya ɗauka ɗan uwansa ne zai tashi. Ka ga maganin ba ya kemis. Ruwa ba ya tsami banza, amma mu da mun ga gawa sai a ruga a sayo ƙwaya a zuba a ruwa.

INDA BAN YARDA DA TSARIN BA

Gaskiya ba komai nasa ke shiga kiwo ba, kuma wanda ya kwafe shi ido rufe zai ji jiki.

Ƙanƙanta gwaji ba ya nufin ƙanƙanta kulawa. Rigakafin Gumboro da Lasota, tsaftar ruwa, ɗumin satin farko na kimanin digiri 32 zuwa 35, hana kowa da kowa shiga ɗaki, ware manyan kifi daga ƙanana don kada su cinye juna, waɗannan ba kitse ba ne, ƙashi ne. Masu manhaja za su iya sakin abu da kurakurai su gyara gobe. Kazar da ta mutu ba a gyara ta. Waɗanda suka ga murar tsuntsaye ta 2006, da ta ɓulla a jihar Kaduna ta shigo Kano, sun san me ake nufi. Ka bi jadawalin da likitan dabbobi ya ba ka, kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako na nan kusa da ku, ba a rasa wanda za a tambaya.

Sannan mai 50 yana sayen komai da tsada a kan kowace kaza. Kwalbar rigakafi ta fi ƙarfin kajinsa, kuma da an buɗe ba ta ajiyuwa. Kuɗin mota ɗaya ne ko buhu biyu ka ɗauko ko ashirin. Maganin wannan ku haɗu ku uku ko huɗu, ku saka rana ɗaya, ku raba kwalba da mota. Kuma kada ka yanke wa sana'ar hukunci da ribar 50 kaɗai.

Maganar kada a tara kaya ma da gyara. Kaza da rai ce ba a tarawa. Amma mai haɗa abinci da kansa, masara da waken suya da kaka ake sayensu lokacin da suka fi sauƙi, a adana da kyau. Toyota kanta bayan girgizar ƙasar 2011 ta koma tanadin wasu muhimman kayayyaki. Kuma ko na buhu kake saye, kada abincin sati ya yanke maka, kaza ba ta san an yi ƙarancin kuɗi ba. Farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, ƙwai ya taru a gidajen gona ba masu saye, kajin kuwa ba su daina ci ba. Saboda haka cikin jarinka ka ware wani kaso da ba za ka taɓa ba.

Haka nan saka kaji kashi-kashi, 50 yau, 50 bayan sati biyu, don kullum ka samu na kai wa mai gashi. Ta fuskar kasuwa dabara ce mai kyau. Ta fuskar lafiya akwai haɗari, don manya na shafa wa ƙanana ciwo. In za ka yi, sai ɗaki daban, mazubi daban, takalmi daban, ka fara da ƙanana kafin ka shiga wurin manya. In ba ka da wurin, ka saka gaba ɗaya, ka fitar gaba ɗaya, ka wanke, ka bar ɗakin ya huta sati biyu.

AMSARKA, ƊAN UWA

Kada ka sayar da gonar. Ka noma ta, ko ka ba da ita haya bana. Kuɗin katan ɗaya da buhu goma ba sai an taɓa gado ba, akuya biyu ko ɗaukar adashi ɗaya na iya tayar da shi. Kaji ko kifi, ka zaɓi ɗaya tukuna. Lahadi mai zuwa ka je Ɗambatta da littafinka. Ka yi wata biyu kana sari kana sayarwa. Ka saka 50, ka sake saka 50. Ranar da masu nema suka fi abin da ke hannunka sau biyu a jere, ka koma 100, daga nan 200, kowane ɗaki ribar na baya ta gina shi.

In ka dawo daga kasuwar ka turo mana abu uku: masu saye nawa ka zanta da su, nawa suke ɗauka a sati, nawa ne a cikinsu suka yarda su tsayar da rana. Da waɗannan za mu lissafa maka girman ɗakin, sannan a zo maganar bulo.

Darasi na gaba za mu zana yadda ake tsara shafin littafin kiwo, na kaji da na kifi, layi-layi.